Kada A Ɗora Tasar Kaka A Kan Sikeli

'Yan'uwana mata, yau maganarmu a kan ɗakin tsohuwa ce, wato abin da mu ke yi da kayanta bayan Allah ya karɓi abinsa, 'yan zaman makoki sun watse. Maza su ke zama da malam a zaure a kan maganar gida da gona. Amma buɗe adudu da sauke jere aikinmu ne, kuma a nan ɓarnar ta ke.

A Chikaji abin ya zama ruwan dare. Ɗan bola jari zai wuce da kurarsa, sai a kira shi a miƙa masa tasar tagulla ƙirar Bida, ya ɗora a sikeli kamar mataccen bokiti, ya biya kuɗin nauyi, a kai ta a narke. Murjani da tsakiya su tafi hannun dillaliya. Zanen saƙi kuwa, wanda masaƙi ya saƙa ƙwarya ƙwarya aka harhaɗa da allura, sai ka gan shi an shimfiɗa wa yaro mai fitsarin kwance.

Ku tuna, yawancin mutanen wannan gefe na Zariya zuwa suka yi. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta kai Kano a 1911, Sabon Gari ya ke karɓar baƙi. Wasu aikin reluwe ya kawo su, wasu kamfanin taba na Chikaji, wasu kuma Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Samaru a 1962. Mutumin cikin Birni yana da zauren kakansa da zai nuna wa ɗansa. Jikan baƙo kuwa ba shi da shaidar inda aka fito sai abin da tsohuwa ta ɗauko a kanta.

Na san wata za ta ce, ai kayan gado ne, akwai hakkin marayu, tilas a sayar a raba. Hakkin marayu gaskiya ne, kuma wadda ta soke ɗan kunne a bakin zane kafin rabo ta ci haram, ko da kewar uwarta ce ta sa ta. Amma ba dole ba ne kayan su bar gida. A kira wanda ya san darajarsu ya yi musu kuɗi a gaban magada, mai so ta ɗauka a cikin rabonta, in sun fi rabon ta yi ciko. Kowa ya sami hakkinsa, tasa ta zauna a dangi.

Ba na cewa a tara tarkace, musamman a ɗakin haya. Tufafin sawa a yi sadaka da su, lada ya kai mata. Kwanukan samira da suka yi tsatsa a rabu da su. Abu biyu ko uku sun isa.

Takardu fa, a yi hattara da su. Kwabo mai huda, da sulallan da aka daina karɓa bayan zuwan naira a 1973, ba za su sayi ko gishiri ba, a bar wa yara su gani. Amma takardar gida na iya kasancewa a ƙasan akwatin nan, kuma ita ce za ta raba gardama gobe. In an ga Alƙur'ani rubutun hannu a gafaka, ko wasiƙun ajami, kada a bar wa gara da yoyon damina. A Sashen Tarihi na jami'a, nan Samaru, akwai ma'ajiyar tsofaffin rubuce-rubuce, a nemi shawararsu.

Wadda kakarta ke da rai kuwa, ta je ran Jumma'a da goronta, ta ce, Kaka, wannan tasa wa ya ba ki, daga wane gari? Ta sa ɗanta ɗan makaranta ya rubuta, a ninke takardar a sa cikin tasar.