Ka Daina Sayen Sitika, "Core i7" Ba Ita Ce Kwamfuta Ba

Ɗan uwa, yau zan taɓa wasu, amma dole a faɗa. In za ka haɗa kwamfutar tebur, kuma tambayarka ɗaya ce, "i7 ce?", to ka riga ka kai kanka mahauta.

Makon jiya wani yaro mai haɗa bidiyon biki ya ɗauko tasa a keke daga Narayi har shagona a Kakuri, wai ta yi ƙara ta mutu. Ni waya nake gyarawa, amma na buɗe masa. Sitika dai i7 ce, ba ƙarya. Lambar fa? 2600. Wannan furosesa ta fito tun 2011! Core i3-12100 ta 2022 ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Sirrin yana cikin lamba: 2600 zubi na biyu ne, 12100 zubi na 12. Ka ƙara da wannan: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida sai Intel zubi na 8 zuwa sama. Mai kaya ya faɗa masa? Ina!

Abin da ya kashe ta kuwa fawa fak ne, akwatin da ke raba wuta, wanda ba mai tambaya a kansa. Nasa marar suna ne, ba nauyi kamar gwangwanin madara. Aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, ya tafi da bod da had dis. Bidiyon biki biyu na ciki, kuma ya riga ya karɓi kuɗin mutane.

Za ka ce, "Malam, kuɗi ne babu." Na yarda. Ai shi ya sa nake faɗa. Mai kuɗi in ta ƙone gobe zai sayi wata, kai fa? Don haka ka bi wannan tsari:

1. Fawa fak mai suna, mai tambarin 80 Plus. In tokumbo ne daga Amurka, duba jan makunnin da ke bayansa. In yana kan 115 ka jona a wutarmu ta 230, sai hayaƙi.
2. UPS ko stabilaiza. A Kaduna wannan ba ado ba ne.
3. SSD maimakon tsohon had dis. Nan za ka ga gudu da idonka.
4. Furosesa da bod su dace. i3-12100 sai soket LGA1700, Ryzen 5 5600G sai AM4. RAM ma haka, DDR3 ba ta shiga ramin DDR4.
5. Intel mai harafin F a ƙarshe ba ta nuna hoto sai da katin girafik. Kar ka je gida kana zagin monita.

Fitilu masu launi da akwatin gilashi? Bar su sai ka yi kuɗi. Ƙurar hunturu ba ruwanta da kwalliya, fanka mai kyau take tsoro.

Kafin ka biya, ka ce a kunna a gabanka, ka danna Ctrl+Shift+Esc, ka shiga Performance, ka karanta cikakkiyar lambar. In mai kaya ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka ka yi gaba.