RA'AYINMU: Gine-ginen Zamanin Turawa Namu Ne

Duk ɗan Arewa mazaunin Badun ya san Mapo Hall, dogon ginin nan mai ginshiƙai da ke bisa tudu a tsakiyar gari, wanda aka gama a 1929. Mutanenmu na Ikko kuwa sun san tsofaffin gidajen reluwe na Ebute Metta. Sau da yawa mukan ji ana cewa waɗannan kayan Nasara ne, ko sun rushe babu asara. Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba.

Gaskiya ne Bature ya yi gini don jin daɗin kansa. Dokar garuruwa ta 1917 ta ware masa unguwa, aka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsa da baƙar fata, wai don gudun zazzaɓin sauro. Amma da kuɗin wa aka yi ginin? Da harajin talaka da jangalin makiyayi. Wa ya ɗauki dutse da yashi a ka, wani lokaci ma da aikin tilas? Kakanninmu. Abin da gumin mutum ya gina kuwa, nasa ne.

A Arewa ma hujjar ta fi ƙarfi. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello suka yi karatu, ginin ƙasa ce irin ta maginan Hausa. Haka Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer ya zauna. Ashe Baturen da kansa ya ga ginin ƙasa ya fi dacewa da zafinmu, ga shi yau mu ne muke raina shi.

To, yaya muka riƙe wannan gado? A Zungeru, hedkwatar Gwamna Lugga kafin a koma Kaduna, sai kufai. Gadarsa ta 1904 ta tsira ne domin an ɗauke ta zuwa Kaduna a 1954. A nan Ikko, an wayi gari a 2016 an rusa Ilojo Bar, tsohon gida mai fasalin ginin Barazil, alhali yana cikin jerin kayan tarihin ƙasa. In doka ba ta kare wancan ba, wane ne zai tsira?

Saboda haka muna kira ga hukumar kula da kayan tarihi da gwamnatocin jihohi su gyara gine-ginen nan, a mai da su makarantu da ɗakunan karatu, a kuma rubuta tarihinsu a ƙofa, daɗinsa da ɗacinsa. Ku kuma 'yan'uwa mazauna Sabo da Agege, in kun je ganin gida, ku kai yaranku su gani da idonsu. Yaron da aka haifa a Kudu ba zai san abin da kakansa ya sha ba, sai an nuna masa. Allah Ya sa a gyara.