Asirin mai kuɗi da layin talaka

A watan Janairu na 2014 Najeriya ta kafa dokar ɗaurin shekara 14 ga maza masu auren juna, da shekara 10 ga mai tallafa wa ƙungiyoyinsu. Wani bincike a Abuja ya nuna cewa cikin maza masu neman maza, masu tsoron zuwa likita sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari. A shekarar, kusan kashi 23 nasu ke ɗauke da ƙwayar sida.

Sai dai tsoron bai rabu daidai ba. Attajiri yana sayen rufin asiri: likitan kuɗi, ɗaki a kulle, ko jirgi zuwa waje. Ɗan daudun da ke tuyar masa a tasha fa? Ya rasa cinikin yini, ya biya mota, ya bi layi gaban maƙwabta, ga malamin asibiti mai sakin baki. Maganin kyauta ne, in ji hukuma, amma hanyar zuwa gare shi tana da tsada. Da Amurka ta datse tallafinta a 2025, wuraren da talakan ke laɓewa ya karɓi magani na cikin waɗanda suka fara rufewa.

Da yawa daga mazan nan suna da matan aure, kuma ƙwayar ba ta nuna takarda tsakanin Katsina da Maraɗi. Hukumomin lafiya na da hurumin hukunta ma'aikacin da ya tona asirin majinyaci. Su yi amfani da shi.