Dalma a Ruwan Sha: A Gwada Kafin a Buɗe Famfo

A garuruwan ƙasar Daura irin su Babban Mutum, da zarar an haƙa rijiyar burtsatse, aka ga ruwa garai-garai, sai a ce wahala ta ƙare. To, amma ganin ido bai isa shaida ba. Dalma ba ta sauya launin ruwa ko ɗanɗanonsa, kuma tafasawa ba ta kawar da ita.

Galibi daga kayan aikin take shiga: tsofaffin bututu, da kawunan famfo na tagulla, da dalmar da ake liƙe mahaɗai da ita. Idan ruwa ya kwana a cikinsu, sai ta riƙa narkewa kaɗan-kaɗan. Binciken da aka buga a 2021 kan famfunan karkara a Gana da Mali da Nijar ya nuna kashi 9 cikin 100 sun haura iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato mikrogram 10 a kowace lita.

Ƙananan yara ne suka fi cutuwa, domin dalma takan dakushe ƙwaƙwalwa har abada. Mun ga ta'asarta a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ta hallaka yara kimanin 400.

Saboda haka, wajibi ne Ƙaramar Hukumar Ɓaure da Gwamnatin Jihar Katsina su shar'anta wa 'yan kwangila amfani da kayan da ba su da dalma, a kuma gwada ruwan kafin a miƙa famfo ga jama'a. Ku kuma iyaye mata, ruwan farko na safiya a yi wanki da shi, kada a dama wa jariri koko.