Ba kowace na'urar wasa ce ke komawa tsohuwar lamba ba

Duk mai rumfar kayan lantarki a Maradi, Ɗan Isa, Jibiya ko Birnin Ƙonni ya san wannan tambaya. Mai gidan wasan ƙwallo na yara zai ɗauki PlayStation ta hannu, ya kunna, ya duba lambar manhajar da ke cikinta, ya ce: «Alhaji, ana iya maido da ita tsohuwar lamba?» Abin da ya dame mu shi ne amsar da da yawa cikinmu ke bayarwa ba tare da tunani ba: «Ƙwarai kuwa, kai wa mai gyara.» Bayan mako guda sai ga shi ya dawo da kaya a hannu, ana cacar baki a bakin rumfa.

Dalilin tambayar ba ɓoyayye ba ne. Tsohuwar manhaja tana da ɓaraka da ake bi a buɗe na'urar, a zuba mata wasanni ba tare da faifai ba. Kamfani kuwa yana toshe ɓarakar da sabuwar manhaja, ya kuma hana saukowa. Batun halaccin kwafar wasanni mun bar wa malamai da hukuma, amma ƙarya a ciniki ba ta buƙatar fatawa.

Mun san inda wannan zato ya samo asali. A 2007 an fito da wata dabara ta batir da ke maido da ƙaramar PSP baya cikin sauƙi, mutane suka ɗauka kowace na'ura haka take.

To, ga PlayStation 3. A ƙarshen 2010 wasu masana suka gano rauni a makullin sirrin Sony, a farkon 2011 wani matashi ɗan Amurka, George Hotz, ya baza makullin a intanet. Nan take lamba 3.55 ta zama abin nema, Sony kuma ta fitar da 3.56 don toshe ƙofar. A wancan lokacin, wadda ta haura, sai an kwance ta an maƙala mata na'urar filashin kafin ta sauko. Ko da an yi hakan, ba ta sauka ƙasa da lambar da aka ƙera ta da ita. Saboda haka Super Slim, wadda ta fito a 2012, babu ita babu 3.55, komai gwanintar mai gyara. Gaskiya ne daga 2017 an samu hanyar buɗe wasu ba tare da saukowa ba, a 2019 ta kai har Super Slim, amma buɗewa daban, komawa baya daban.

Xbox 360 ta fi tsanani. Akwai ƙananan fiyus a cikin ƙwaƙwalwarta da sabuntawa ke ƙonawa. Tsohuwar manhaja ta duba ta ga lissafi bai yi daidai ba, sai ta ƙi tashi. Fiyus ɗin da ya ƙone ba ya dawowa. Nintendo Switch ma da wannan dabara ta zo. PlayStation 4 kuwa, gwanin lika waya zai iya mayar da ita lambar da ta bari ta ƙarshe, taki ɗaya kacal, in hannu ya goce kuma na'urar ta mutu.

A ganinmu gyaran yana wurin sari. Kafin a biya a Kwatano ko Kano, a kunna kowace ɗaya a rubuta samfurinta da lambarta, a yi mata kuɗi gwargwadon haka, a kuma sa lambar a takardar mai saye. A hana yaran shago haɗa ta da intanet don gwaji, domin danna maɓalli ɗaya ya isa ya haura da ita. Mai sayen da ya taso daga Damagaram ko Tawa, kuɗin motar dawo da kaya kaɗai ya isa ya sa ya sauya rumfa a zuwa na gaba.