Yayen rana ɗaya yana cutar da uwa ita ma

A Maraɗi, haka a Tibiri da Jiratawa, yaye kan zo kwatsam. Da an ga alamar rurrutsa, sai a shafa wa kan nono abu mai ɗaci, a kai yaro gidan kaka, uwa ta ɗaure ƙirji da zane tana fama da kumburi, wani lokaci har da zazzaɓi. Kowa tausayin yaron yake ji. Ni kuwa ina ganin ko don lafiyar uwar kaɗai ya kamata a riƙa yaye sannu a hankali.

Nono ba ya ƙafewa haka kawai. Idan ruwansa ya taru ba a tsotsa, wani sinadari mai suna LIF yakan tayar da furotin STAT3, shi kuma ya sa ƙwayoyin halittar da ke samar da nonon su fara mutuwa. A ɓeraye, cikin kwana 2 na farko, idan aka mayar da ɗa nonon yakan dawo. Bayan nan ba komawa: ƙwayoyin garkuwar jiki su kwararo, su kwashe matattun, a rushe a sake gini, kitse ya koma gurbinsa, kamar yadda rauni ke warkewa. Wannan kumburi na ciki ne masana ke zargi da sa sankarar mama da ta bayyana cikin shekarun farko bayan haihuwa ta fi saurin yaɗuwa. A 2019 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun nuna cewa yayen gaggawa ya bar wa ɓeraye kumburi mai daɗewa fiye da yayen sannu.

Za a ce ɓera ba mutum ba ne, kuma kakanninmu haka suka yi yaye. Gaskiya ne, amma rage shayarwa sau ɗaya bayan kwanaki kaɗan, ana ƙara wa yaro kunu, ba ya cin ko dala, kuma an riga an san yana rage sanƙarewar nono da ƙurji. Tsoron da ake yi cewa nonon mai ciki yakan lalace shi ma ba shi da tushe. In cikin lafiyayye ne, ana iya ci gaba da shayarwa. Tsawaita ta ma riba ce: nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2002, daga ƙasashe 30, ya nuna kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin sankarar mama da kashi 4.3 cikin 100.

Ungozomomi da ma'aikatan awon ciki ne suka fi dacewa su faɗa wa mata wannan, su kuma jaddada cewa duk ƙullutun da bai baje ba makonni bayan yaye, asibiti za a kai shi a duba.