Tsanin Da Bai Taɓa Ƙasa Ba

Jama'a, wai shin lig ɗin ƙwallon ƙafa na Nijeriya na ƙasa ne, ko kuwa na fadar gwamnoni?

A 1972 aka fara gasar lig ta ƙasa, Mighty Jets ta Jos ta fara ɗaukar kofi, Raccah Rovers ta Kano kuma ta ɗauka a 1978. A 1990 aka mai da wasan sana'a. Tsarin kuwa tamkar tsani ne mai mataki uku: babban lig mai kulob 20, sai NNL, sai NLO. Wanda ya yi ƙwazo ya hau, rago ya gangaro. A takarda kam ba laifi.

To, amma wa ke hawa? Akasarin manyan kulob na gwamnatocin jihohi ne, suna zaune a hedkwata, gwamna ke ba su ci. Jihar Katsina tana da Katsina United a filin Muhammadu Dikko. Ta faɗo a 2022, ta koma sama a 2023. Madalla. Yaron Ɓaure ko na Zango fa, ta wace ƙofa zai shiga? Sai dai ya bar gida, ya je birni neman uban gida. Mai kuɗi kuwa ba ruwansa da tsani, gurbin wani kulob zai saya ya zauna.

Masu kare wannan tsari sukan ce ƙauye ba kuɗi. Haba! A Ingila, Wimbledon ta shiga lig a 1977, ta kai rukunin farko a 1986, ta ci kofin FA a 1988. Ba gwamnan da ya ɗauke ta, matakai ta taka ɗaya bayan ɗaya.

Masarautar Daura tana da ƙananan hukumomi biyar: Daura, Ɓaure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Me zai hana su haɗa lig mai tafiya kowace shekara, da alƙalan wasa da rajistar 'yan wasa, zakara ya wuce gasar jiha, daga nan ya nemi NLO? Kofin da ɗan siyasa kan sa ana gab da zaɓe ba lig ba ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan'uwa ɗalibai, mu da muka iya rubuta tsarin mulkin ƙungiya, jadawalin wasa ba zai gagare mu ba. In hutu ya zo, mu tara kulob-kulob na unguwanninmu, mu kafa wa tsanin nan ƙafa. Allah ya taimake mu, amin.